Zuciyar ɗan wasa: ina iyakar horo, ina farkon ciwo?

A watan jiya ɗan ƙanwata ya shigo mini gida a Tudun Wada riƙe da wata takarda mai jajayen layuka, fuska a yamutse kamar an aiko masa da saƙon rasuwa. Shekararsa 19, yana tsaron baya a wata ƙungiyar unguwa, kuma wata makarantar horar da 'yan ƙwallo ta kira shi gwaji, da sharaɗin ya zo da shaidar lafiya. Ya je wani ɗakin gwaji na kuɗi, aka kwantar da shi, aka liƙa masa wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu. Ba a yi minti biyu ba na'ura ta turo takardar, a samanta ta buga da Turanci cewa sakamakon ba daidai yake ba. Zuciyarsa na bugawa sau 48 a minti. Wanda ya ɗauki gwajin ya ce shi nasa ɗauka ne kawai, a nemi likita.

"Kawu, Umma ta ce daga yau na bar ƙwallo."

Ban ga laifin uwar ba. Duk wanda ya kai shekaruna yana tuna ranar 12 ga Agusta 1989, da Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas, ana wasan neman gurbin Kofin Duniya da Angola, a minti na 77, yana da shekara 25. Na bayanmu sun ga Marc-Vivien Foé na Kamaru ya kife a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa a 2003, babu wanda ya taɓa shi. A nan kusa kuma, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya cikin Maris 2020 suna karawa da Katsina United, bai sake tashi ba. Uwar da ta kalli irin wannan a wayarta, sai ga takarda an miƙo mata da sunan ɗanta, me kake so ta ce?

Sai dai takardar ba ta faɗi abin da aka ɗauka ta faɗa ba. Kafin a gane dalili, akwai wata kalma da ke rikita mu. Da Hausa mukan ce mutum ya rasu sakamakon "bugun zuciya", alhali abubuwa biyu ne daban muka haɗa a buhu ɗaya. Na farko toshewar jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini ne, kamar bututun famfo da laka ta cika. Wannan ya fi kama wanda ya haura shekara 35, mai hawan jini ko ciwon suga ko shan taba, kuma shi ne abin tsoro ga dattawan da ke buga ƙwallon safiyar Lahadi don rage tumbi. Na biyu kuwa tangarɗar lantarki ce. Zuciya tana da nata tsarin wuta da ke ba ta umarnin matsawa da saki. In wutar ta hargitse, naman sai ya kama karkarwa maimakon bugawa, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi cikin daƙiƙoƙi. Wannan na biyun ne ke ɗauke matasan 'yan wasa, kuma sau da yawa akwai wata larura da aka haife su da ita tana kwance, gudu ne kawai ya tono ta.

Gwajin da aka yi wa yaron, wanda a asibiti ake kira isiji, wutar nan yake zanawa a takarda. Tun farkon shekarun 1900 Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙera na'urar, ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1924. Kowane bugu yana barin zane uku: ɗan ƙaramin tudu, sai tsini mai tsawo, sai wani tudu a ƙarshe da likitoci ke kira T. Na'urorin yanzu suna da ƙaramar kwamfuta da ke kwatanta zanen da na mutumin da aka ɗauka a matsayin mai lafiya, in ta ga bambanci ta buga gargaɗi. To, wane ne wannan mutumin da ake auna kowa da shi? Galibi Bature ne, magidanci, wanda ba ya gudun kilomita goma kowace safiya. Ɗan ƙanwata bai yi kama da shi ta kowace fuska ba.

Zuciya tsoka ce, kuma kamar damtsen maƙeri, in aka ba ta aiki tana girma. Mutumin da ke zaune zuciyarsa na tura jini kamar lita biyar a minti. Ƙwararren ɗan tsere a tsakiyar gudu yana iya haura lita 30. Ba za ta iya wannan ba sai ɗakunanta sun ƙara faɗi, bangonta ya ɗan ƙara kauri. Da yake kowane bugu yanzu yana ɗebo jini mai yawa, in mutum ya huta ba ta buƙatar sauri, shi ya sa bugun ɗan wasa kan sauko zuwa 50 ko 40 da wani abu, alhali littafi ya ce na mai lafiya 60 ne zuwa 100. Wannan ba sabon sani ba ne. A 1899 wani likita ɗan Suwidin, Salomon Henschen, ya gano haka a jikin masu tsere a kan ƙanƙara, ba da wata na'ura ba, da ƙwanƙwasa ƙirjinsu da yatsa kawai yana sauraron inda sauti ya canza. Ya ce girman nan na ƙarfi ne, ba na cuta ba, kuma a mafi yawan lokuta ya yi gaskiya.

Matsalar ita ce akwai ciwon da shi ma kauri yake sa wa bangon zuciya. Ciwo ne na gado, wanda aka ƙiyasta yana jikin mutum ɗaya cikin 500, kuma shi binciken gawa ya nuna a zuciyar Foé. A wannan ciwon naman yana yin kauri ba tsari, zarurrukansa a cuɗe kamar saƙar da aka kwance aka mayar a gaggauce, kuma a irin wannan naman wuta ke saurin hargitsewa. Bangon babban ɗakin hagu na zuciyar mai lafiya ba ya cika wuce milimita 11 ko 12. In ya kai 15 ba tare da wani dalili ba, likita zai fara zargin ciwon gadon. Tsakanin 13 da 15 ne inda ake jin jiki, domin a nan zuciyar gwani da zuciyar majinyaci ke iya kama da juna kamar Hassan da Hussaini. Bambancin milimita biyu, kaurin da bai kai na ƙwayar gero biyu ba, shi ke raba yaron da za a ce je ka buga da wanda za a ce ajiye takalmin.

An daɗe ana dogara da wani babban bincike da Antonio Pelliccia da abokan aikinsa suka wallafa a 1991, inda suka auna zuciyar fitattun 'yan wasan Italiya 947. Mutum 16 kacal aka samu bangon zuciyarsu ya kai milimita 13, kuma kusan dukkansu masu tseren kwale-kwale ne. Daga nan aka ɗauka cewa duk ɗan ƙwallon da ya wuce 12 abin dubawa ne sosai. Aiki ne mai kyau, amma Turawa aka auna. Da 'yan wasan Afirka suka cika ƙungiyoyin Ingila da Faransa, sai likitoci suka ga ma'aunin na yawan tsayar da su. Wata tawaga a Landan ƙarƙashin Farfesa Sanjay Sharma ta ɗauki abin da muhimmanci. A 2008 suka nuna cewa cikin baƙaƙen 'yan wasa maza 300, kashi 18 cikin ɗari bangon zuciyarsu ya wuce milimita 12, a fararen kuwa kashi 4 ne kawai, kuma ba a sami alamar ciwon gadon a tare da su ba. A 2011 suka duba zanen isiji na baƙaƙen 'yan wasa sama da 900, suka tarar kusan kashi 23 cikin ɗari tudun nan na T a kife yake a wasu wayoyin, a fararen kuwa bai kai kashi 4 ba. A Bature, kifewar T babbar alama ce. A baƙin ɗan wasa, in kifewar ta tsaya a wayoyi huɗu na farko na ƙirji, kuma layin da ke gabanta ya ɗaga ya yi ƙusumbi kamar bayan akushi, to yawanci tsarin halittarsa ne haɗe da horo.

Wannan ya sa aka yi ta gyara ƙa'idojin karatun isiji na 'yan wasa. Wani nazari na 2014 ya gwada su a kan mutane guda: ƙa'idar Turai ta 2010 ta ce kashi 40 cikin ɗari na baƙaƙen 'yan wasan suna da matsala, ƙa'idar da aka tsara a birnin Seattle na Amurka ta sauko da shi zuwa kashi 18, gyararriyar ƙa'idar da ta biyo baya ta kai shi kashi 11 da rabi. Mutanen ba su canza ba, zukatansu ba su canza ba, mudun awon ne aka sauya. A 2017 aka fitar da ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ake aiki da ita yanzu, wadda ta rubuta wannan siffa ta baƙaƙen 'yan wasa a jerin abubuwan da ba ciwo ba. Ka yi tunanin yara nawa aka mayar gida daga gwaji a ƙasashen waje kafin nan, an ce musu zuciyarsu ba ta da kyau, suka dawo suna zargin sammu.

Ko kalmar "baƙi" ma ta yi faɗi da yawa. Masu bincike a asibitin wasanni na Aspetar da ke Doha sun nuna cewa 'yan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun fi na Gabas da na Arewa yawan wannan kifewar. Ke nan ɗan Zariya da ɗan Habasha ba lallai mudu ɗaya ya dace da su ba.

Mu a Zariya bai kamata wannan darasi ya zo mana a matsayin baƙo ba, domin garin nan yana da suna a tarihin binciken ciwon zuciya, ko da yake ba a kan 'yan wasa ba. A shekarun 1970, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Farfesa Eldryd Parry da Neil Davidson, sun lura da yawan matan da ke zuwa da kumburin jiki da sarƙewar numfashi makonni kaɗan bayan haihuwa. A 1978 suka wallafa bayanin mata 224 masu wannan larura, adadin da ya ja hankalin likitocin duniya. Ba su tsaya a littattafan Landan ba. Sun tambayi abin da mai jego ke yi a gida: wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai gishiri da ke tara ruwa a jiki. Suka ce wannan nauyin yana iya fin ƙarfin zuciyar da ta fito daga wahalar ciki. Daga baya bincike a Kano ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye ya faɗaɗa maganar, ya nuna rawar da ƙarancin sinadarin seleniyam da rama da talauci ke takawa, har ya rage wa al'adun jego nauyin laifin da aka ɗora musu. Haka ilimi yake tafiya, na baya ya gyara na gaba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne hanyar da suka bi: an auna mutanen wurin, an tambayi yadda suke rayuwa. Irin wannan aikin ne ya kamata a ce an yi wa dubban matasan da ke gudu a filayen Samaru da Kongo da Sabon Gari kowace yamma. Yawancin abin da muka sani kan zuciyar baƙin ɗan wasa daga waɗanda ke zaune a Ingila da Amurka da Katar aka samo shi, masu cin wani abinci, waɗanda zazzaɓin cizon sauro ba ya kayar da su sau uku a shekara.

Na kai yaron wurin wani likitan zuciya. Abin da ya burge ni, bai fara da takardar ba, kife ta ya yi a kan tebur. "Samari, ka taɓa suma kana cikin gudu? Ba bayan ka tsaya ba, kana cikin gudun." Ya ce a'a. Ciwon ƙirji in ka matsa wa kanka? Haki da ya fi na abokan wasanka? Jin zuciya na fizga haka kawai kana zaune? Sai ya juyo gare ni. "Alhaji, a danginku ko na mahaifinsa, akwai wanda ya rasu farat ɗaya bai kai hamsin ba? Wanda aka kwanta da shi lafiya aka wayi gari babu shi, ko wanda ya iya ruwa amma ya nutse?" Sai da na kira ƙanwar tawa a waya muka bi dangi ɗaki-ɗaki. Ya auna hawan jini, ya saurari ƙirjin yana kwance, ya sa shi ya tsuguna ya miƙe ya sake saurara, domin ƙarar da ciwon kaurin nan ke yi takan fito fili in mutum ya miƙe tsaye. Bayan duk wannan ne ya buɗe takardar, ya bi ta da bakin biro, ya nuna mini inda T ya kife a wayoyi uku, ya nuna inda ya miƙe a na biyar da na shida. Ya ce da a waɗannan biyun na gefe ya kife, da maganar ta canza, ko baƙi ne ko fari.

Duk da haka ya yi masa hoton eko, wanda ke amfani da amsa-kuwwar sauti kamar hoton da ake yi wa masu juna biyu. Muna kallo a allo bawul-bawul, wato ƙofofin da jini ke bi a cikin zuciya, na buɗewa suna rufewa. Kaurin bango milimita 11, ɗakin a buɗe yake da faɗi, naman yana saki da laushi. Ya ce a ciwon gadon akasin haka aka fi gani, bango mai kauri a gefe ɗaya, ɗaki matsattse, nama mai tauri. Da abin ya faɗa tsakanin 13 da 15, da sai a nemi hoton maganaɗisu, wato emarai, a duba ko akwai tabo a naman, ko a sa shi gudu a kan injin ana kallon wutar, ko a ce ya ajiye horo wata uku a sake aunawa, domin kaurin horo yana sacewa in an huta, na ciwo kuwa yana nan daram. Ya rubuta a bayan takardar da hannunsa, ya sa hannu.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe duk gargaɗin na'ura shirme ne ga baƙar fata. Lissafin da aka yi a jami'o'in Amurka ya nuna baƙaƙen 'yan wasa sun fi fararen shiga haɗarin mutuwar farat ɗaya, musamman 'yan ƙwallon kwando. Kuskure iri biyu ne ke jiran likita: ya hana mai lafiya abincinsa, ko ya sallami marar lafiya zuwa fili. Labarin Nwankwo Kanu na nuna amfanin gwaji ƙarara. Ya dawo daga Atlanta da zinaren Olamfik a 1996, sai binciken lafiya a Inter Milan ya gano lahani a bawul ɗin babbar jijiyar da ke fita daga zuciyarsa. Aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka cikin Nuwamban shekarar, ya dawo ya buga wa Arsenal, ya sake zama gwarzon Afirka a 1999, ya kafa gidauniyar da ke yi wa yara aikin zuciya. Ya buga wasanni da yawa kafin nan ba wanda ya sani.

Shin a yi wa kowa isiji ke nan? Manyan likitocin duniya ba su daidaita a kai ba har yau. Italiya ta wajabta shi tun 1982, kuma Domenico Corrado na Padua ya nuna a 2006 cewa a yankin Veneto mutuwar farat ɗaya a tsakanin matasan 'yan wasa ta sauko daga 3.6 zuwa 0.4 cikin kowane dubu ɗari a shekara, raguwar kashi 89 cikin ɗari. Isra'ila ta kafa irin wannan doka a 1997, amma nazarin da aka yi daga baya bai ga raguwa ba, ko da yake daga rahotannin jaridu aka tattara alƙalumansa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta tsaya a kan tambayoyi da dubawa guda 14, ba ta goyi bayan tilasta isiji ga kowa ba, saboda tsada da yawan gargaɗin ƙarya. Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na hukumar ƙwallon Ingila, wanda aka wallafa a 2018. An yi wa matasa 11,168 cikakken gwaji, isiji da eko duka, cikin shekara ashirin. An gano 42 masu larurar da ke iya kisa, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Amma daga baya takwas sun mutu da ciwon zuciya, kuma shida daga cikinsu gwajinsu lafiya lau ya nuna suna da shekara 16. Ciwon gado yakan jira, ya bayyana a shekara 20 ko 23. Wasu lahanin kuma, kamar jijiyar da ta fito daga inda bai kamata ba, isiji ba ya ganinsu sam. In haka ta faru a Ingila da kayan aikinta, to takardar shaidar lafiya da ake bugawa hatimi a minti biyar ba laya ba ce, kuma wadda aka yi shekara huɗu da suka wuce ta riga ta tsufa.

Ra'ayina, a halin da muke ciki, gardamar Italiya da Amurka ta yi mana nisa kaɗan. Muna da abubuwan da suka fi kusa. Hawan jini na kama matasanmu da wuri, kuma shi ma yana sa bangon zuciya kauri, awonsa kuwa ko a kemis ana yi. Ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani da kyau ba har yanzu yana lalata bawul ɗin zuciya a Arewa, abin da kunnen likita zai iya ji ba tare da wata na'ura mai tsada ba. Akwai yaron da zai tashi daga zazzaɓi ko mura mai zafi jiya, yau ya ɗaura takalmi don kada a ba wani lambarsa, alhali ƙwayar cuta na iya kumbura naman zuciya, wanda in ya tabbata ƙa'ida ita ce hutun wata uku zuwa shida. Akwai tiramol da lemukan ƙara kuzari da ake kwankwaɗa kafin wasa, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Sai zafin Maris da Afrilu, a ƙara da buga wasa da ƙishin azumi.

Akwai kuma jinin AS, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da shi. Ba ciwon zuciya ba ne, kuma mai shi lafiyarsa ƙalau, amma wani bincike na 1987 a kan kuratan sojan Amurka ya nuna masu shi sun ninka sauran baƙaƙen kurata kusan sau 28 wajen mutuwar farat ɗaya lokacin horo mai tsanani. Wani binciken na 2016, bayan an tsaurara dokokin shan ruwa da hutu da kiyaye zafi, bai ga ƙarin mutuwa a cikinsu ba. A garin da ake horar da kuratan sojan ƙasa, kuma samari ke gudun asuba a kan titi suna shirin shiga, wannan ilimi ne da ya kamata ya zama na kowa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekaru. Kifewar T a wayoyin farko abu ne da aka saba gani a yaron da bai kai 16 ba, ko wane launi ne. Wanda ya rage shekara biyar a takarda don ya shiga ƙungiyar matasa, ba mai horarwa kaɗai ya yaudara ba, har da likitan da zai karanta zanen zuciyarsa. Abin dariya abin takaici, a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009 da aka yi a Najeriya, har Kaduna ta karɓi wasanni, FIFA ta kawo hoton emarai na wuyan hannu don kama masu ƙaryar shekaru. Mun saba da jin labarin hoton wuyan hannu fiye da na zuciya.

Ba mu ma san adadin waɗanda muke rasawa ba. Wanda ya faɗi a filin unguwa da la'asar, kafin isha an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya tanada, ba a binciken gawa, ba a rubuta komai. Ajali gaskiya ne, ba mai jayayya. Amma in ciwon na gado ne, kowane ɗan'uwansa na jini yana iya kasancewa da rabin yiwuwar ɗauke da shi. Bayan sadakar uku, kai ƙannensa a duba su yana cikin haƙƙin mamacin.

Tunda gwaji ba ya kama kowa, abin da ya rage shi ne mintunan farko bayan faɗuwa, kuma a nan ne muka fi rauni. Na sha gani a filayenmu: a taru a kansa, a cire riga ana fifita, a kwara masa ruwan leda, wani ya nemo albasa, wani ya cusa cokali ko yatsa a baki wai kada ya haɗiye harshe. Harshe ba ya haɗiyuwa. Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne kusan rabin 'yan wasan da zuciyarsu ta tsaya sukan yi fizge-fizge kamar masu farfaɗiya, su kuma yi wani jan numfashi mai gurnani jefi-jefi. Sai a ce ai yana numfashi, ko a ce iska ce. Ƙa'idar likitocin wasanni a nan ba ta da kwana: wanda ya faɗi ba tare da an buge shi ba, aka kira shi bai amsa ba, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar ba haka ba. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi ya nutse santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, in hannu ya gaji wani ya karɓa. Haƙarƙari na iya karyewa, yana kuma warkewa. Ƙwaƙwalwa kuwa bayan minti huɗu zuwa shida ba jini ta fara lalacewa.

Dannawa tana riƙe rai ne kawai. Abin da ke dawo da wutar kan hanya shi ne na'urar girgiza zuciya, 'yar akwati mai batir da ke magana tana gaya wa mai riƙe da ita abin da zai yi, kuma ba ta sakin wuta sai ta ga ana buƙata. Duk mintin da ya wuce ba a sa ta ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Ita ta dawo da ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen a Kopenhagen ranar 12 ga Yuni 2021 duniya na kallo, har ya koma buga ƙwallo a Ingila da wata ƙaramar irinta da aka dasa masa a ƙirji. Fabrice Muamba, ɗan ƙwallon Bolton ta Ingila, haifaffen Kinshasa, zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta a 2012, amma ba a daina danna masa ƙirji ba tun daga fili har asibiti, ga shi da ransa. Rajistar da FIFA ta tattara daga 2014 zuwa 2018 ta ƙidaya 'yan ƙwallo 617 da suka faɗi a ƙasashe 67. Inda aka danna ƙirji aka kuma sa na'urar, kashi 85 cikin ɗari sun rayu. Inda aka danna babu na'urar, kashi 35.

Kuɗin na'urar bai kai na tsohuwar mota ba, kuma ɗan siyasar da ke raba wa ƙungiyoyi riguna da kofi kowace kakar zaɓe zai iya sayenta bai ji a jikinsa ba. Sai dai riga ana ganin sunansa a bayanta, akwatin kuwa a gefen fili zai zauna, watakila shekara biyar ba a buɗe shi ba, batirinsa ma sai an riƙa dubawa.

Uwar yaron ta yarda ya koma, bayan ta sa na karanta mata rubutun likitan sau biyu, na kuma maimaita cewa ya ce a dawo da shi bayan shekara biyu, ko nan take in ya taɓa suma a guje. Ranar Asabar na bi shi filinsu. Kafin a fara na roƙi mai horar da su minti goma, muka samo buhun dusa muka shimfiɗa, yara ashirin da wani abu suka yi layi suna danna shi ɗaya bayan ɗaya ina ƙirga musu. Da farko dariya suke yi, har sai da suka ga ba wanda ya iya cika minti biyu bai yi haki ba. Da muka gama na tambayi kocin ko ya san wuri mafi kusa da ke da na'urar girgiza zuciya. Ya yi shiru, ya dubi mataimakinsa, ya ce zai tambaya.